Tarin Fuka Mai Cin Ƙashin Yara

Yawancin jama'a sun san tarin fuka da ƙirji ne kawai. Amma ƙwayar cutar, wadda wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano a 1882, takan bi jini daga huhu ta sauka a ƙashi. Kusan rabin masu wannan ciwo a ƙashin baya yake kama su, sa'an nan kwatangwalo da gwiwa.

Mugun abin shi ne ciwon a sace yake shiga. Yaro ya fara ɗingishi, ko ya ƙi sunkuyawa. In abu ya faɗi ƙasa sai ya tsuguna ya ɗauka, bayansa a sandare. Da dare yakan farka da kuka. Ga rama, ga ɗan zazzaɓi, sau da yawa kuwa ko tari babu. Wani lokaci kumburi ya fito cike da mugunya, ba zafi ba ja. Ana nan wata da watanni har ƙwayar ta cinye gaɓar ƙashin baya ta rufta, doro ya fito. In ya danne laka, ƙafafu na iya mutuwa.

'Yan Arewa mazauna Kurmi, ko a Sabo ta Badun ko Agege da Idi-Araba a Ikko, sun saba da an ga haka sai a ce targaɗe ne ko iska, a sa yaro a mota zuwa gida wajen maɗori. To, maɗori gwanin karaya ne, nan kuwa babu karaya, matsa da ja sai ƙara ɓarna. Alhali ga asibitin ƙashi na Igbobi nan a Ikko, akwai kuma irinsa a Inugu, da na Dala a Kano, inda za a ɗauki hoton ƙashin a yi gwaji.

Ciwon yana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya sha magani wata 12: iri huɗu a wata 2 na fari, iri biyu a sauran wata 10. Maganin kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Sai dai ba a yankewa don an ga sauƙi, kuma doron da ya riga ya fito magani ba ya miƙar da shi, wani sai an yi aiki.

Yaron da ciwonsa ke ƙashi kaɗai ba ya shafa wa kowa. Galibi daga wani babba mai tari ya ɗauka, wanda suke kwana ɗaki ɗaya, saboda haka likita kan nemi a kawo mutanen gidan su ma a auna su. Jarirai kuwa a kai su allurar BCG tun ranar haihuwa, nonon shanu kuma a tafasa kafin a ba yara.