Ruwan Ido da Gajiyar Zaɓi: Abin da Ke Cinye Ƙarfin Ɗalibi

Tun daga asuba ɗalibi ke yanke shawara. Lakcar ƙarfe 8 zai je ko ya ƙara barci? Koko da ƙosai zai saya ko ya haƙura sai rana? Ɗan canjin da ya rage, data za a sa ko hoton handawut za a yi? Kowace ƙarama ce, amma idan suka taru, kafin dare kai ya yi nauyi. Sai ka buɗe littafi ka kasa zaɓar darasin da za ka fara, ka ɓige da kallon TikTok har ƙarfe 1.

Masana halayyar ɗan Adam na kiran wannan gajiyar yanke shawara. Mu kuwa tun da can mun san ƙanwarta, wato ruwan ido. A wani bincike da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje jam na shafa wa burodi a wani kanti a Amurka, wani lokaci kala 24, wani lokaci kala 6. Cikin waɗanda suka tsaya a teburin kala 6, kusan kashi 30 cikin 100 sun saya. A na kala 24 kuwa, kashi 3 kacal. Masana na ci gaba da muhawara kan girman wannan tasiri, amma darasin a fili yake: zaɓi idan ya yi yawa, mutum kan fasa gaba ɗaya.

Shi ya sa a 2012 Barack Obama ya ce kwat ruwan toka ko shuɗiya kawai yake sawa, don ya rage shawarar da yake yankewa kan sutura. To shi yana da masu yi masa hidima. Ɗalibin da kuɗinsa ba su kai ba ya fi shan wahala, domin kowace naira sai ya yi lissafi a kanta.

Inda abin ke zama haɗari shi ne manyan shawarwari: batun furojet, wurin SIWES, ko HND za a wuce ko jami'a. Wanda ya gaji, ko dai ya yi ta ɗagawa har wa'adi ya wuce, ko ya kwafi zaɓin abokinsa.

Mafita ba wuya. Ran Lahadi da dare ka tsara jadawalin karatun mako, kada kullum ka sake tunani. Ka raba kuɗinka mako-mako. Ka tsayar da abincin safe guda. Ka kashe sanarwar guruf-guruf na WhatsApp lokacin karatu. Babbar shawara kuma ka rage ta zuwa zaɓi 3, ka kai wa malaminka da safe, ba cikin yunwa ba. Idan ka yanke, ka wuce gaba, kada ka waiwaya.