Kwaɗon lansir da ƴaƴan itace, daga garka zuwa kwano

Garake sun yi kore shar, daga Jiratawa a bakin gulbin Maraɗi har Mirriya, daga Galmi har Gamkalle a bakin kogin Yamai. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa noman rani, salati da shu da karoti suka zama abincin kowa. Amma akwai ganye guda da muke wucewa a kasuwa ba mu cika kula shi ba, ga shi da araha, ga shi ba ya buƙatar wuta: lansir.

Lansir ganye ne ƙarami mai laushi, yana da ɗan yaji-yaji mai hawa hanci. Yana da ɗan uwa mai tsirowa a cikin ruwa mai gudu, wanda Faransawa ke ce wa cresson. Su can suna haɗa shi da tuffa da wasu ƙwayoyi masu ɓawo na ƙasarsu. Mu kuwa kwaɗonsa muka sani, da ƙuli-ƙuli da albasa. Abin da muka kawo muku a wannan fitowa shi ne kwaɗon namu na gado, an ƙara masa ƴaƴan itace da soyayyar gyaɗa, duka daga abin da ƙasarmu ke bayarwa. Zaƙin ƴaƴan itacen shi ke kwantar da yajin ganyen, har yaron da ke ture kwano in ya ga kore ya miƙo hannu.

Amfaninsa a jiki

Ƙarancin jini ciwo ne da ya addabi mata da yawa a cikinmu, musamman masu ciki da masu goyo. Koren ganye da gyaɗa da riɗi suna da sinadarin ƙarfe mai gina jini, sai dai jiki ba ya ɗaukar shi da sauƙi in shi kaɗai ne. Bitamin C da ke cikin lemu da gwaba da gwanda shi ke taimaka wa hanji ya tsotse shi. Haka nan bitamin A na ganye da na gwanda, mai kare ido da fata, sai da ɗan mai yake shiga jiki, ga kuwa man gyaɗa a cikin kwano. Kun ga ke nan kowane yana riƙe da hannun wani, kamar yadda muke yi a asusu.

Shayi kuwa yana hana ƙarfen nan shiga jiki, don haka a bari a ɗan jima, kamar awa guda, kafin a ɗora buta. Kuma kwaɗo ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa mai ciki wajen awo. A ci kwaɗo, a sha magani.

Tun daga wajen saye

Zogale da rama da tafasa, duk sai sun bi ta tukunya, wuta ta kashe abin da ke jikinsu. Lansir ɗanye ake cinsa. Duk abin da ruwan ban-ruwa ya ɗora masa, in ba a kula ba, cikin iyali zai tafi: zawo, taifot, tsutsar ciki. Ciwon kwana uku na yaro guda yana iya cinye zubin wata biyu.

Saboda haka kar ki ji kunyar tambayar mai garka: «Malam, da wane ruwa kake ba shi?» Na rijiya ko na famfo shi muke so. Wanda ake shayarwa da ruwan lambatu, ko da kyauta ne, a bar shi. Wanda kuma ya tsiro da kansa a bakin tabki ko fadama inda shanu da tumaki ke sha, shi ma a bar shi, don yana iya ɗaukar tsutsar hanta, irin wadda mahauta ke tararwa a hantar dabba. Ƙwayar tsutsar tana manne wa ganye ƙam, wanki ba ya fitar da ita duka.

Ki zaɓi ganye kore mai tsayuwa, wanda bai fara rawaya ba, bai yi fure ba. In ya yi fure ya tsufa, ɗaci zai yi. Sayen safe ya fi, kafin rana ta buge shi.

Wanki

Ki fara da hannunki, da sabulu. Faranti da wuƙar da aka yanka nama ko kifi da su, kar su taɓa ganye sai an wanke su tas. Ki yanke saiwar, ki tsince ruɓaɓɓen ganye, ki zuba sauran cikin babbar roba da ruwa mai yawa ki kaɗa. Tsamo ganyen za ki yi da hannu ki mayar cikin wata roba. In kika tsiyaye ruwan ta kansa, yashin da ya kwanta ƙasa zai koma masa. Ki yi haka sau 3, ko har sai gindin roba ya daina nuna yashi.

Daga nan ki jiƙa shi cikin ruwan da aka saka wa maganin tsabtace ruwa, Aquatabs ko jabel. Na Aquatabs, awonsa yana rubuce a jikin takarda. Jabel kuwa ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, sai ki nuna wa ma'aikacin likita taki kwalbar ya faɗa miki ɗigo nawa a lita. Ki ɗauraye da ruwan sha, ki baza a kwando ya tsane. Akwai masu cewa lemun tsami da gishiri sun isa. Suna ƙara daɗi, gaskiya ne, amma ba su kashe ƙwayar cuta yadda ake zato. Tumatir da lemu da gwanda su ma a wanke bayansu kafin wuƙa ta shiga.

Kayan haɗi na mutum 6

Lansir ɗauri 3 manya. Albasa 1, ta Galmi in da hali. Tumatir 2 masu tauri. Lemun zaƙi 2, ko rabin ƙaramar gwanda wadda ta nuna amma ba ta yi lugub ba. Dabino 6. Gyaɗa, ko gujiya yadda da yawanmu ke cewa, cikin tafin hannu 2. Dakakken ƙuli-ƙuli ludayi 1. Man gyaɗa cokali 3, lemun tsami 2, gishiri da yaji daidai baki.

A bi lokaci wajen zaɓen ƴaƴan itace. Lansir ɗan sanyi ne, mangwaro ɗan zafi ne, da wuya su haɗu a kasuwa da araha. A lokacin ɗari abin da ke akwai shi ne gwanda, da gwaba, da lemun da motoci ke saukowa da shi daga garaken Timiya a duwatsun Ayar, da dabinon Bilma. In dabinon ya bushe ƙwarai, ki jiƙa shi cikin ruwan ɗumi ya yi laushi.

Gyaɗar ki tsince ta da kyau. Duk wadda ta yi hunhuna, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, ki zubar. Dafin da ke cikinta yana lalata hanta, suya kuma ba ta kashe shi. Ki soya mai kyan cikin yashi ko busasshen kasko, ki murje ɓawon, ki ɗan farfasa a turmi. Mai riɗi tana iya soya cokali 2 ta ƙara.

Haɗawa

Ki matse lemun tsami a ƙaramin kwano, ki zuba gishiri ya narke, ki ƙara mai da yaji ki kaɗa. Ki yanka albasa siri-siri ki zuba a ciki ta ɗan jima, zafinta zai faɗa. Ki ɓare lemun zaƙi, ki cire ƴaƴan da farar fatar, ki yayyanka. Gwanda da tumatir da dabino a yanka ƙanana. Lansir kar a yi masa yankan kuka. Biyu ko uku ya isa, ko ki tsinka da hannu.

Sai an shimfiɗa tabarma, mutane sun wanke hannu, sannan ki haɗa. Ganye a ƙasa, ƴaƴan itace a kai, ki barbaɗa ƙuli-ƙuli, ki zuba ruwan lemun da albasar, ki juya a hankali, gyaɗa ta zo ƙarshe don ta riƙe ƙaras-ƙaras ɗinta. Gishiri da tsami suna jan ruwan ganye. In kika haɗa tun da wuri, kafin a zauna ya kwanta ya yi ruwa. Yana tafiya da dambu, da shinkafa da wake, da gasasshen kifi, ko a cusa a burodi.

Yaron da bai kai shekara 5 ba, a daka masa gyaɗar ta yi laushi don kar ta shaƙe shi. Wanda bai kai shekara 2 ba, a murje masa gwandar kawai, a bar ɗanyen ganye. Abin da ya yi saura ba ya kwana, ko da akwai firigo.

Ga mai son ta mai da shi sana'a

Lansir na cikin ganyayen da suka fi saurin fitowa. A watsa iri a fangali mai laushi, a rufe da ƴar ƙasa kaɗan, cikin kwana 3 ya tsiro, cikin sati 2 zuwa 3 an fara yanka. Ƙungiyar da ke da garka, in tana shuka sabon fangali kowane sati daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ganye ba zai yanke mata ba. Taki ya zama wanda ya ruɓe sarai, kar a zuba ɗanye. A bar fangali guda ya yi fure ya ba da irin baɗi. Wadda ba ta da fili, tsohuwar roba mai huji a gindi ta ishe ta na gida.

Kafin ki ɗauki bashi a akwati, ki yi gwaji da kuɗin hannunki. Ki rubuta duk abin da kika kashe, har sabulu da maganin ruwa, ki ƙirga kwano nawa ya fita. A ce kin kashe jika 2, kin samu kwano 15: in kika sayar dala 20 kowane, jika 1 da rabi za ki tara, kin faɗi, a dala 40 kuwa jika 3 ne, kin ci jika 1. Wannan misali ne kawai, ki saka farashin kasuwarku. In gwaji ya yi kyau sau biyu sau uku, sannan ki tashi a taro ki nemi rance.

Wajen talla, ganye daban a rufe da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, ƴaƴan itace daban, ruwan lemu a kwalba. Sai mai saye ya zo a haɗa masa a gabansa, da cokali, don hannun da ke karɓar kuɗi bai kamata ya taɓa abinci ba. A ɗauki abin da za a iya sayarwa a yini guda. Mutum guda ya yi ciwon ciki, unguwa duka ta ji, kuma sunan ƙungiya za a kira.

Tun da aka kafa asusun Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe mu shi ne a gwada kaɗan, a gani da ido, a yi lissafi. A taron sati mai zuwa, bayan an rufe akwati, mutum biyu su kawo ganye, wata lemu, wata gyaɗa, a wanke tare a haɗa tare, kowa ta ɗanɗana ta faɗi ra'ayinta. Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da labari ta hannun wakiliyarta. Allah ya sa albarka a garake da akwatuna, amin.