Kututturen Maraɗi da Komawar Zuciyar Manomi ga Itace

Masanin halittu ɗan Amurka, Edward Wilson, ya bayyana a littafinsa na 1984 cewa shaƙuwa da abubuwa masu rai ɗabi'a ce da ake haihuwar mutum da ita. Sai dai ɗabi'ar takan dushe idan doka ko talauci suka shiga tsakanin mutum da abin da yake gani kullum, kamar yadda tarihin yankin Maraɗi a Nijar ya nuna.

Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta mayar da itatuwa da yawa ƙarƙashin ikon hukuma, har manomi kan biya tara idan ya sare reshen bishiyar da ta tsiro a gonarsa, don haka ya daina kallon itace a matsayin nasa, sassabe kuma ya koma share gona ƙarƙaf da ƙone duk wani toho. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya tarar da ƙasa tsirara, iska tana binne shukar gero da rairayi.

A 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake ɗauka ciyayi ne, ashe tohon kututture ne mai saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma ke kira sassabin zamani, ba ta buƙatar dashe ko ban ruwa, domin manomi kan durƙusa gaban kututturen sabara ko kalgo, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da wuƙa, ya kare su daga awaki. Wannan durƙuson shi ne muhimmin abu, saboda wanda ya gyara tsiro da hannunsa shekara bayan shekara yakan san shi kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa, ya gane cewa gawo yana zubar da ganye da damina, shi ya sa ba ya hana gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Da hukuma ta sassauta dokar, manoma suka tabbata amfanin itacen nasu ne, sai dabarar ta bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.