Ko Ka San Abin Da Ke Kashe Taransifomar Unguwa?

Ko ka san cewa a cikin taransifomar da ke bakin layinku babu ko abu ɗaya mai juyawa? Babu fanka, babu bel, babu fistin. Idan aka buɗe ta, abin da za a tarar shi ne fallayen ƙarfe da aka jera, da wayar jan ƙarfe ko ta alminiyam da aka nannaɗe a kansu, an lulluɓe wayar da takarda, sannan an tsoma su duka cikin mai. Tun 1831 Michael Faraday ya gano dabarar a Ingila, a 1885 kuma injiniyoyi uku na kamfanin Ganz da ke Budapest suka fito da irin wadda ake rarraba wuta da ita. Ba ta ƙirƙirar wuta. Aikinta ta karɓi bolt 11,000 ko 33,000 daga babban layi, ta sauke shi zuwa 415, inda gidaje ke ɗibar 240 daga kowane layi guda.

Na'ura irin wannan ya kamata ta haura shekara 25 tana aiki. Amma sai ka ji an kafa sabuwa ana ta murna, kafin shekara biyu ta buga, unguwa ta koma duhu, dattawa sun fara zagayawa da littafin karo-karo. Wani ya ce jabu ce aka kawo, wani ya ce aradu ce. Akwai jabu, akwai aradu, akwai ɓarayin mai ma. Sai dai abin da ya fi yi mata kisan mummuƙe shi ne lodin da ya fi ƙarfinta.

Zafi ne makashinta. Duk wutar da ta bi ta cikin waya tana haifar da zafi, kuma zafin ya fi lodin saurin hawa: in aka ƙara kashi 20 cikin 100 a kan abin da aka yi ta dominsa, zafin da wayoyin ke fitarwa zai ƙaru da kashi 44. Takardar nan da ta raba waya da waya ita ke shan wahalar. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC ta ɗauki digiri 98 a matsayin zafin da wuri mafi zafi a cikin naɗin zai zauna a kai takardar ta yi tsawon rai yadda aka tsara, kuma duk ƙarin digiri 6 yana ninka saurin tsufanta. Ƙarin digiri 12 ke nan tsufa ninki huɗu. Takardar sai ta bushe ta yi ƙamas, wata rana waya ta taɓa waya, a ji ƙara. Ranar da ta buga ba ranar ce ta lalace ba. Ta daɗe tana ƙonewa a hankali. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: an yi wannan lissafi ne bisa yanayin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai watan Afrilu kan zarce haka, kuma a daidai lokacin ne kowa ke kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki.

To yaya ake gane wadda ta dace? A jikin kowace taransifoma akwai wani ɗan farantin ƙarfe da aka manna, a kansa za ka ga 100, ko 200, ko 300, ko 500, da kVA a gaba. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin kayan wutar gida da kilowat ake auna su, sai a zaci abu ɗaya ne. Dutsen guga da hita duk abin da suka ja suna mayar da shi aiki. Amma duk abin da ke da mota a ciki, irin injin niƙa da firji da famfon rijiyar burtsatse, yana jan ƙarin wutar da yake haɗa maganaɗisu da ita. Wannan ba ta zama aiki, amma tana bi ta cikin wayar taransifoma tana dumama ta. Shi ya sa idan kaya sun cakuɗu injiniyoyi kan ninka kVA da 0.8 su sami kilowat. Mai 500 kVA kilowat 400 za ta iya ɗauka, mai 200 kuma 160.

A ce mutum zai buɗe ƙaramar masana'antar casar shinkafa. Ya bi injinansa da fitilu da famfo ɗaya bayan ɗaya ya haɗa abin da aka rubuta a jikinsu, ya sami kilowat 200. Ba duka ne za su tashi lokaci guda ba, a ce kashi 70 ne, kilowat 140 ke nan. A raba da 0.8, an sami 175 kVA. A nan mai son sauƙi zai ce ai mai 200 ta isa har da saura. Ba ta isa ba. Ba a son taransifoma ta wuni ta kwana a sama da kashi 80 na ƙarfinta, don haka 175 ɗin nan tana buƙatar kusan 219. Sannan babbar mota a lokacin tashi takan fizgi wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da take ci in ta daidaita, abin da ke sa fitilu su yi ja su dawo idan mai niƙa ya tayar da injinsa. Ga kuma injin da za a ƙaro baɗi. Mai 300 ita ce tasa.

Kada kuma a ce to a sayi mai 1,000 a huta. Muddin taransifoma na jone da layi, ƙarfen cikinta yana shan wuta dare da rana ko da babu ƙwan fitila ɗaya a kunne. Wannan gunjin da kake ji idan ka tsaya kusa da ita daga ƙarfen yake fitowa. Babba ta fi ƙarama wannan asara, ga tsadar saye. Galibinsu sun fi tsimin wuta idan lodinsu na wajen rabi.

Akwai wani abu da na fi so kwamitocin unguwa su riƙe, domin yana kashe taransifoma ko da lissafin girmanta ya yi daidai. Layi uku ne ke fitowa daga cikinta, ja da rawaya da shuɗi, kuma ƙarfin nan da aka rubuta an raba shi uku ne daidai wa daida. Mai 300 kVA tana ba kowane layi amfiya 417 ko kusa da haka. A ce an auna an sami 500 a ja, 300 a rawaya, 200 a shuɗi. In aka haɗa 1,000 ne cikin 1,251, a takarda kashi 80, lafiya lau. Amma jan layin ya wuce iyakarsa da kashi 20, kuma naɗinsa ne zai fara ƙonewa. Kamar mangala ce a bayan jaki: ko kayan ba su yi yawa ba, in gefe guda ya rinjaya sai ya ji wa dabba ciwo. Mu da kanmu muke jawo wannan. Layi ɗaya ya yi rauni, kowane gida sai ya je ya canja fiyus zuwa layi mai ƙarfi, cikin rabin sa'a unguwa duka ta tare a layi guda. In fiyus ɗin akwatin rarraba wuta ya tsinke, maimakon a tambayi dalili, sai a samo waya mai kauri a ɗaura don kada ya sake tsinkewa. Fiyus kuwa an sa shi ne ya mutu a madadin taransifoma. Wanda ya ɗaura masa waya mai kauri ya cire mata kariya.

Gane halin da take ciki ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ƙwararren ma'aikaci zai maƙala na'urar awo a kowane layi tsakanin magariba da ƙarfe 10 na dare, lokacin da kowa ke gida, ya rubuta abin da ya gani na 'yan kwanaki. Awon hantsi yaudara ne. Akwai kuma abin da ido ke gani daga nesa: mai yana tsiyaya a jikin tankin, ko tsakuwoyin nan masu tsotse raɓa da ke cikin 'yar kwalbar gefe sun juye daga shuɗi zuwa ruwan hoda, alamar sun cika da danshi suna son canji. Kallo kawai na ce, daga bayan shinge. Bolt 11,000 ba ya ba mutum dama ta biyu.

A Nijeriya hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta sha faɗa cewa saye da gyaran taransifoma nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. Duk da haka, inda jama'a suka yanke shawarar haɗa kuɗi, ko wani mai hali ya yi alkawarin kawowa, ina roƙon kwamiti kada ya nemi irin wadda ta ƙone don kawai ita aka saba gani. Ku ƙirga gidaje da shagunan walda da injinan niƙa da suka ƙaru tun ranar da aka kafa tsohuwar, ku sa injiniya mai lasisi ya yi lissafi a rubuce, ku yi yarjejeniya da kamfani a takarda. In lodin ya fi ƙarfin guda, ku nemi a raba unguwar biyu a kafa ta biyu kusa da inda nauyin yake, kuma kafin a kunna ta a bi gida-gida a daidaita layukan nan uku.