Lalurar da riga ke rufewa

Makaho yana da sanda, gurgu yana da kekensa, duk wanda ya gan su ya san abin da ke damunsu, sai ya kauce musu hanya. Amma akwai wasu ƴan'uwanmu waɗanda lalurarsu tana ƙarƙashin riga, muna cuɗanya da su a kasuwa da wurin aiki ba mu sani ba. Su ne waɗanda aka yi wa aikin fiɗa aka fito da bakin hanjinsu ta fatar ciki, domin bayan gida ya riƙa fita ta nan ya zuba cikin wata ƴar jaka da ake mannawa a jiki. Likitoci suna kiran wannan ƙofa sitomi.

A ƙasarmu babban abin da ke kai mutum ga haka, musamman yara da samari, shi ne zazzaɓin tifoyid, wanda ake samu daga ƙazamin ruwa da abinci. Idan aka bar shi sati 2 ko 3 ba magani, yakan huda ƙaramin hanji, ƙazanta ta malala cikin ciki. Manyan gidajen likita na Yamai da Damagaram da Maraɗi, da asibitin Galmi, sun saba karɓar irin waɗannan marasa lafiya, galibi bayan an daɗe ana jiƙe-jiƙe a gida. Akwai kuma murɗewar hanji, da ciwon daji, da jariran da ake haifa babu dubura. Sau da yawa ƙofar ta wucin gadi ce: bayan ƴan watanni, in mutum ya yi ƙarfi, sai a sake aiki a haɗe hanjin.

Bakin hanjin ja ne, da danshi, ba ya jin zafi in an taɓa. Sai dai ba shi da naman da ke matsewa ya riƙe, don haka mai shi ba ya da iko a kan lokacin fitar bayan gida ko iska. Wannan ita ce wahalar. Malamin makaranta yana tsaye gaban yara sai ƙara ta fito. Mace tana cikin motar haya daga Tawa zuwa Yamai, ba wurin da za ta zubar ta wanke. Wasu sukan ƙi cin abinci tun safe don gudun kunya, su rame, ga shi kuwa sai da ƙarfin jiki ake iya yi musu aiki na biyu.

Jakar mannawa wata mai jinya ce ƴar ƙasar Danmark, Elise Sorensen, ta ƙago ta a 1954, saboda ƴar'uwarta da aka yi wa wannan aiki ta daina fita waje. A nan daga ƙasashen waje ake kawo ta, tana da tsada, kuma zufar bazara tana sa ta ɓantare da wuri. Talaka sai ya koma ga leda da tsumma. Ruwan ƙaramin hanji kuwa yana da kaifi, yakan ci fatar da ke kewaye har ta zama gyambo. Ya kamata hukumomin lafiya su lissafa jakar nan cikin magani na dole.

Wanda ƙofarsa ke a ƙaramin hanji yana zubar da ruwa da gishiri da yawa. Ya yawaita shan ruwan gishiri da sukari, ya tauna abinci ƙwarai. In fitsarinsa ya ragu, ko ƙofar ta daina fitar da kome ga amai da kumburin ciki, a gaggauta kai shi likita.

Wasu har masallaci suke ƙauracewa, suna zaton ba su da tsarki. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana hukuncin mai uzuri wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba: yana alwala ya yi sallarsa. Mai sitomi yana iya noma da kasuwanci da aure, mace tana iya haihuwa, illa dai ya kiyaye ɗaukar kaya masu nauyi. Shugaban ma'aikata da ya ga wani yana yawan fita kewaye, ya kira shi gefe ya tambaye shi a asirce kafin ya rubuta masa takardar gargaɗi.