Shin Ko Kun San? Ƙasar Gaya a Ma'aunin Niyutiron

Shin ko kun san garin ƙasa da bai cika cokalin shayi ba ya isa a gano sinadarai sama da 20 da ke ɓoye a gona? Ana busar da ƙasar, a niƙe ta, a rufe cikin 'yar kwalbar roba, iska ta tura ta ta bututu zuwa cikin tukunyar nukiliya. A can ƙwayoyin niyutiron ke ratsa ta. Idan aka fito da ita, sinadarai da yawa sai su riƙa fitar da hasken gama, kowanne da irin nasa, kamar yadda kowane mutum ke da muryarsa, na'ura kuma ta karanta sunansa da yawansa, ko da kashi ɗaya ne cikin miliyan.

George de Hevesy da Hilde Levi ne suka gano dabarar a Kofenhagen a 1936. Da ita aka auna duwatsun da aka ɗebo daga wata.

Shin ko kun san Nijar na haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, amma ba ta da irin wannan tukunya? Mafi kusa da garin Gaya na Nijar tana Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sunanta NIRR-1, ƙirar China ce, ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal. Ba ta ba da wutar lantarki, aikinta awo da koyarwa ne. Gana ma na da irinta a Akara.

Ni dai a ganina, ƙasar Gaya ta cancanci wannan awo. Yankin ne ya fi samun ruwan sama a Nijar, ga shinkafa a bakin kogin Kwara, ga rake a fadamu, kayan kuma na tsallaka iyaka zuwa Malanbil da Kamba a ƙasashe biyu maƙwabta. Abin da ke cikin ƙasar nan yana iya ƙarewa a tukunyar girkin mutanen ƙasashe uku.

Gishirin Foga da ake samu a yankin kuwa sai an yi masa haƙuri. Sinadarin sodiyom da ya cika shi yana ɗaukar niyutiron sosai, haskensa ya danne na sauran. Sai dai ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan awa 15, don haka masu awo kan ajiye samfurin kwanaki kafin ƙananan sinadaran su bayyana. Na alminiyom kuwa rabinsa na tafiya cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu, dole a gaggauta.

Shin ko kun san dabarar ba ta iya kama dalma yadda ya kamata? Tana ganin arsenik da zinariya sarai. Amma gubar dalma, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sai an nemo ta da wata hanyar awo daban.