YARO MAKAHO DA YADDA A KE AUNA GIRMANSA

Maganarmu ta yau a kan yaran da ba su gani ne, ko masu gani dishi-dishi. Muna kira musamman ga mutanen Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa.

Ku sani makanta a ido ta ke, ba ta hana ƙashi tsawo, ba ta hana tsoka cika. In kun ga yaro makaho ya tsumbure, to, akwai dalili, kuma yawanci dalilin yana da magani.

Dalili na farko shi ne abinci. Abin da ya fi makantar da ƙananan yara a karkara shi ne ƙyanda, in ta tarar da yaro da ƙarancin bitamin A. Alamar farko ita ce dundumi, watau yaro ya riƙa laluɓe da magariba. Daga nan ido ya bushe, ya yi gyambo, ya warke da hakiya. Yunwar da ta ci idon ita ce kuma ta ke cin jikin. Bayan haka, in an zuba wa yara tuwo a akushi ɗaya, masu ido su kan cinye kafin shi ya kai loma uku. Ku ba shi kwanonsa dabam.

Dalili na biyu shi ne zama wuri ɗaya. Jariri mai ido ya kan hangi abu ya rarrafa ya kamo. Makaho kuwa ba abin da ke jansa sai sauti, saboda haka ya kan yi jinkirin tafiya, wani har ya kusa shekara 2. Kada ku bar shi a tabarma don tausayi. Ku kaɗa masa caki, ku kira sunansa daga nesa kaɗan, ku share masa tsakar gida, ku kawar da wuta da turmi, ku rufe rijiya.

Yadda a ke awo

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A nan dai ƙima ba ta isa ba, sai an auna. Awo uku ne.

Na ɗaya, nauyi. A kan haifi jariri da wajen kilo 3. Ya kan ninka wannan wajen wata 5, ya kai ninki uku in ya shekara. Malamin asibiti ya kan ɗiga nauyin a kati kowane wata. Wani likita, David Morley, wanda ya zo Nijeriya a 1956, shi ya tsara irin wannan kati a Imesi-Ile, ƙasar Yarbawa. In layin yana hawa, madalla. In ya kwanta wata biyu a jere, ko ya gangara, akwai ciwo ko yunwa.

Na biyu, tsawo. Wajen santimita 50 ranar haihuwa, 75 a shekara 1, mita guda a shekara 4.

Na uku, damtse, ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. A kan zagaya damtsen da tsiri mai launi uku. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, kada a kwana ba a kai shi asibiti ba.

Ma'auni ɗaya ne ga mai ido da makaho. Amma kafin a ɗora shi a sikeli, a bar shi ya shafa, a gaya masa abin da za a yi, don kada ya firgita.

Ku na bakin Kogin Kano da dajin Falgore kun san ɗan baƙin ƙudan nan mai hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda ke kawo makantar kogi. Ita sai an shekara da shekaru ana cizo ta ke kashe ido. Maganinta, Mectizan, wanda aka fara bayarwa kyauta a 1987, da sanda a ke auna shi. Yaron da bai kai santimita 90 ba, ba a ba shi.

Abin da za ku yi

Ku kai yaro allurar ƙyanda yana wata 9, a maimaita a wata 15. A ɗiga masa bitamin A kowane wata 6, tun daga wata 6 har shekara 5. Ku ba shi zogale, da alayyafo, da kabewa, da manja, da gwanda, da ƙwai, da hanta in ta samu. In ido ya yi ja lokacin ƙyanda, kada a zuba masa kome na gida, a garzaya ɗakin magani. In ciwon ya fi ƙarfinsu, za su tura ku birni, inda akwai asibitin ido na ECWA tun 1943. In yaro ya isa karatu, akwai makarantar makafi da kurame a Tudun Maliki.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku riƙe katin nan kamar takardar gona, ku zo da shi duk ranar awo.

Allah ya raya mana su, amin. Sai mako mai zuwa.